Hamud Jagoran Duwatsun Haur Zaina

Idan ka sauka a garinmu Haur Zaina ka tambayi Hamud ɗan Halfan, kafin a nuna maka gidansa sai an gama dariya tukuna. Ni Zahran katanga ɗaya ce tsakanina da shi, kuma uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka abin da zan ba ka ba ji na yi ba, a gaban idona aka yi.

Gida arba'in da 'yan kai ne a garin, teku a gaba, duwatsu a baya, babu titin mota. Duk namijin da ya isa masunci ne, ban da Hamud. Shi cewa yake kamun kifi aikin wanda bai ga duniya ba ne. Ya tafi birnin Maskat ya yi wata bakwai yana wanke motocin wani kamfani mai kai baƙi yawon buɗe ido, ya dawo mana da usur a wuya, da riga mai aljihu goma sha ɗaya, da wasu takalman hawan dutse da wani Bature ya yar. Takalman sun fi ƙafarsa da yatsa uku, sai ya cusa musu tsumma.

Kwana biyu da dawowarsa, muna zaune a gindin kurna bayan la'asar, ana zagayawa da gahawa da dabino, sai ya miƙe ya ce ya zo wa garin da abin da zai raba shi da warin kifi har abada. Ya ce mutanen birni yanzu babu abin da suke so irin su kwashi iyalinsu su yi ta tafiya a ƙasa cikin duwatsu, kuma shi zai buɗe musu hanya a nan.

Shaihu Sulayyim, mai garinmu, ya ajiye ɗan kofinsa ya ce, "Su yi tafiya zuwa ina?"

"Ba ko'ina, Baba. Su tafi su dawo."

"Wani abu suka ɓatar?"

Hamud ya ce ai matsalar garin nan ke nan, ba a waye ba. Ya ce duwatsun nan ya san su kamar yunwar cikinsa, ko an rufe masa ido zai zagaya su. Inna Muza, tsohuwa mai awaki, tana wucewa da damin ciyawa a ka, ta tsaya ta ce shekara sittin tana hawa tana sauka, ta haɗu da dila, ta haɗu da maciji, ta taɓa haɗuwa da wani mahaukaci daga wani gari, amma ba ta taɓa haɗuwa da Hamud ba. Ya ce ai shi ta wata hanya yake bi wadda mata ba su sani ba.

Shaihu ya ce tunda ba kwalekwalen kowa zai nutsar ba, a bar shi ya gwada.

Kwana huɗu Hamud yana fita da gwangwanin jan fenti yana zana kibiya a jikin duk abin da ya ga ba ya motsi. Daga nan ya sa sanarwa a waya, cewa a Haur Zaina akwai yawon iyali na awa ɗaya, ga kogon 'yan fashin teku, ga idon ruwa mai warkarwa, ga kunkurun teku, ga kuma ƙwararren jagora. Mu dai mun yi dariya mun manta. Sai ga shi ranar Alhamis ya shigo gidana yana haki, wai an samu baƙi, in je inda titin mota ya ƙare in ɗauko su da jirgina na ruwa ranar Asabar da safe.

Mutum biyar na ɗauko. Akwai Talib, wani natsattsen mutum daga garin Nizwa da ya ce aikin bututun ruwa yake yi, da matarsa Azza, da 'ya'yansu mata biyu, Raya da ƙanwarta Joha, sai mahaifiyarsa Hajiya Asila, wadda ta haura saba'in, tana dogara sanda. Talib ya gaya mini a jirgi cewa sun so su bar ta a gida, ta ce sai dai kowa ya fasa.

Hamud ya tarye su a bakin ruwa cikin cikakken shiri. Ya dubi tsohuwar, ya ce cikin ladabi gara ta zauna wajen mata ta sha gahawa, dutse ba wasa ba ne. Hajiya Asila ta dube shi daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a kan takalman.

"Ɗana, kai kaɗai ne a cikinsu?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ya jera su sahu, ya fito da taswirar da ya zana a jikin kwali, ya fara karanta musu doka. Busa ɗaya a tsaya, busa biyu a tafi, busa uku akwai hatsari. Don su gane sai ya sa usur a baki ya busa sau uku da ƙarfinsa.

Abin da Hamud bai sani ba, da fito Inna Muza take kiran awakinta idan za ta ba su kan kifi da dabino. Kafin ya cire usur daga baki sai ga awaki talatin da wani abu sun ɓarko daga kowane lungu, suka kewaye shi. Da ba su ga dabino ba sai wani jan bunsuru ya kama gefen taswirar. Hamud ya ja, bunsuru ya ja. Abin da ya rage a hannun Hamud bai wuce tafin hannu ba, kuma wurin da ya rubuta sunansa ne. Ya cusa shi a aljihu ya ce dama taswirar gaskiya a kansa take. Awakin kuwa daga nan ba su sake rabuwa da shi ba.

Ni na bi su wai don in riƙe musu jakar abinci. Da na waiwaya sai na ga rabin gari a bayanmu, kowa ya tuna yana da wani uzuri a wannan gefen. Har Shaihu, wanda ya ce zai je duba wata kurna da kakansa ya shuka.

Matsala ta farko, kibiya ta farko ta ɓata. Hamud ya zagaya bakin yashi sau biyu yana duba ƙasa. Ashe a jikin kifaffen kwalekwalen Kawu Mubarak ya zana ta, shi kuwa Kawu Mubarak tun asuba ya tura abinsa ya tafi kamun kifi. Joha ce ta hango ta, ta ja rigar ubanta ta ce ga wata jar kibiya can a tsakiyar teku tana tafiya. Hamud ya kare ido da hannu ya duba, ya ce wannan ta manyan ƙwararru ce, su yau ta masu koyo za su bi. Ya busa sau biyu ya shige gaba, ya kai mu kai tsaye cikin gidan Inna Muza, ta tsakiyar kifin da ta shanya. Awaki suka ga banza ta faɗi. Inna Muza ta fito da muciya. Hamud ya gaya wa baƙi cewa wannan tarbar gargajiya ce, amma gara su ɗan ɗaga ƙafa.

Muka fita ta ƙofar baya, muka kama hawa. Ba mu yi nisa ba Hamud ya fara tsayawa kowane taku ashirin, wai yana ba yara dama su huta. Yaran kuwa suna can gaba suna tsalle a kan duwatsu, kakarsu na biye da su. Numfashinsa ya koma kamar zugazugin maƙeri. Azza ta miƙa masa ruwa, ya ce jagora ba ya shan ruwa a bakin aiki, sannan ya shanye gorar duka.

Muka isa kogon 'yan fashi. Kowa a garin ya san wurin, nan awakin Inna Muza suke fakewa idan rana ta take. Awakin ma da suka gan shi suka shige gabanmu suka kwanta. Hamud ya tsaya a bakin kogon ya sassauta murya, ya ce shekara ɗari uku da suka wuce 'yan fashi arba'in sun kwana a nan, kuma kakan kakansa ne ya kore su shi kaɗai da itacen tuƙin jirgi. Ya duƙa ya ɗebo wasu 'yan baƙaƙen ƙwayoyi a ƙasa ya zuba wa Raya a hannu, ya ce ragowar harsashinsu ne, ta ajiye ta nuna a makaranta.

Hajiya Asila ta karɓi ɗaya ta murza tsakanin yatsunta.

"Ashe ba su yi nisa ba," in ji ta. "Harsashin nan da ɗuminsa."

Azza ta kama hannun 'yarta ta shiga wankewa. Hamud ya busa sau biyu.

Idon ruwan yana ɗan sama, a bayan wani dutse. Mu mutanen gari a nan muka fara kallon juna, domin tun da aka haife mu ba mu taɓa jin akwai idon ruwa a wurin ba. Amma ga shi kuwa, ruwa na ɓulɓulowa daga cikin tsakuwa, garai-garai. Hamud ya tsuguna ya sha, ya wanke fuska, ya ce ruwan nan ya buɗe idon makafi uku, ya miƙar da wani gurgu, kuma wani tsoho da ya sha haƙoransa biyu suka sake tsirowa. Shaihu, wanda haƙori huɗu suka rage masa, ya fara matsowa.

Talib ya matso kusa. Ya duƙa ya kasa kunne, sannan ya naɗe hannun riga ya fara kawar da tsakuwa. Hamud ya ce a bari, masu wurin ba sa son a taɓa. Talib ya ci gaba. Can sai ga baƙin bututu ya bayyana, wanda yake sauko da ruwa daga tankin da ke kan dutse zuwa gidajenmu. A jikinsa akwai huda, a gefen hudar ga ƙusa, a jikin ƙusar ga shatin yatsu da jan fenti.

Kwana huɗu ke nan famfunan garin suna ɗigo kamar hawayen marowaci, mata suna layi da jarkoki, ana ta zagin tanki. Duk muka juya muka dubi jagora. Hamud ya mayar da hannayensa baya. Ya ce lallai aljanun wurin nan sun iya aikin ƙarfe.

"Har fentinka suke ara?" in ji Shaihu.

"Baba, ai ka san ba su da kunya."

Matan da ke baya suka fara magana gaba ɗaya, abin da suka faɗa ba zan maimaita ba. Talib ya ce a ba shi roba da igiya mai ƙarfi. Aka yanko roba daga wani tsohon silifa, igiya kuwa Shaihu ya ce a zare ta takalmin jagora. Kafin a daɗe Talib ya ɗaure hudar, idon ruwa mai warkarwa ya ƙafe nan take. Hamud ya ci gaba da jan tawaga, takalmin hagu na faɗin falaf-falaf a bayansa.

Da wani ne da ya haƙura a nan. Amma Hamud ya ce duk wannan share fage ne, babban abin yana ƙasa. Muka gangara wani ɗan lungun yashi da ke tsakanin duwatsu biyu. Kafin mu isa ya tsayar da kowa ya ce kunkurun teku ba ya son ganin mutum a tsaye, dole a ja ciki, kuma kada wanda ya yi tari. Talib ya dubi farar rigarsa, ya dubi 'ya'yansa da idanunsu ke ƙyalli, ya kwanta. Azza ta ja gwiwa. Hajiya Asila ta ce ita kunkurun ya yi haƙuri da ita, ta biyo su a tsaye.

Ga shi kuwa can a kan yashi, ƙato, bayansa mai zane-zane, kansa a kwance. Muna kallo sai ya motsa, ya ɗan ja gaba, ya tsaya. Yaran suka ƙanƙame juna. Ni kaina na fara tunanin ko dai wannan karon Allah ya rufa wa Hamud asiri. Hamud ya raɗa musu cewa wannan shekararsa ɗari da hamsin, sunansa Sarkin Ruwa, kuma shi kaɗai yake yarda ya matso kusa da shi.

Sai kunkuru ya yi cara.

Ba ƙaramar cara ba, irin ta asuba, har ta amsa a jikin duwatsu. Hamud bai ko ƙifta ido ba. Ya ce haka suke yi idan lokacin ƙwai ya zo. Kunkuru ya sake yi. Raya ta tambayi ubanta ko kunkurun teku yana da ƙafar kaza, domin ga wata ta leƙo ta ƙasa.

A daidai nan Shamsa, matar Hamud, ta ratso cikin mutane, hannu a ƙugu. Tun jiya take neman babban daronta na wanki. Ba ta ja ciki ba, ba ta sassauta murya ba. Ta je ta cire kan kunkurun, wanda ashe safa ce aka cusa wa yashi, ta kama gefen daron ta ɗaga. Wani farin zakara ya tashi fir, ya bi ta kan Talib da ke kwance, ya sauka a gaban Shaihu. Shaihu ya dube shi ya ce ai kuwa tun safe iyalinsa suke cigiyar zakaran nan.

Shamsa ta juya daron tana duban fentin da aka shafa masa, ta ce, "Baban Nasra, da me zan yi wanki?"

"Ki yi mini magana a gida, ina bakin aiki."

"Aikin ne ya kawo ni. Ruwa ka ɗauke, daro ka ɗauke. Saura ni ka shafa mini fenti ka ce musu aljanar ruwa ce."

Yaran suna birgima a yashi don dariya, Azza ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta na rawa. Hamud ya kaɗe rigarsa ya ce lokaci ya yi da za a koma, kuma ta bakin ruwa za a bi a zagaye hancin dutse, nan ne wuri mafi kyau a duk hanyar, kibiyoyi bakwai ya zana.

Ya zana su kam, amma a lokacin da ruwan teku ya janye ya yi aikin. Yanzu rana ta kusa tsaka, teku ta fara cikowa, kibiya biyu kaɗai ake gani, sauran suna ƙasan ruwa ƙananan kifaye na kewaya su. Hajiya Asila ta ce ita a ƙauyen dutse aka haife ta, ba ta san teku ba, amma ta san idan abu yana tahowa. Ta nuna wata siririyar hanya da awaki suka fara bi zuwa sama, ta ce ita nan za ta bi da jikokinta. Duk muka bi ta.

"Jagora ba ya bin akuya," in ji Hamud. Ya ce mu tsaya daga sama mu ga yadda ake yi.

Ya taka dutse na farko, ya taka na biyu, ya yi tsalle zuwa na uku. Shi ya isa, takalmin hagu bai isa ba. Takalmin ya faɗa ruwa ya kama hanyarsa. Kafin Hamud ya gama kallonsa igiyar ruwa ta zo ta rufe duwatsu biyun da ya baro. Ya tsinci kansa a kan wani dutse da bai fi dardumar salla ba, ruwa ta ko'ina, kuma Hamud bai iya iyo ba.

Da farko ya ɗaga mana hannu yana murmushi. Da ruwa ya taɓa masa yatsu sai murmushin ya tafi. Ya sa usur ya busa sau uku, ya sake busa uku, ya yi ta busawa. Awaki suka juyo suka jeru a bakin gangaren suna leƙensa, mu muna bayansu, ga masunta da suka dawo daga teku sun tsayar da jiragensu daga nesa suna kallo, domin wurin duwatsu ne, jirgi ba ya matsowa.

Shaihu ya ɗaga murya ya ce ya sauko ya tako, ruwan wurin ba shi da zurfi. Hamud ya ce shi ya san wurin nan, zurfinsa gaba goma ne, kuma yanzu ya ga bayan wani babban kifi mai cin mutane. Na gaya masa takalminsa ne. Ya ce in gaya wa Shamsa ya yafe mata, kuma a kula masa da Nasra. Shamsa ta ce a tambaye shi me ta yi masa da zai yafe. Ya fara kalmar shahada da ƙarfi.

Babu wanda ya ga lokacin da Hajiya Asila ta gangara. Sai ganinta muka yi ta tattare zaninta da hannu ɗaya ta shiga ruwan. Talib ya yunƙura zai bi ta, ta ɗaga masa sanda ya tsaya. Ta taka a hankali har gaban dutsen. Ruwan iyakarsa gwiwarta, ita kuwa gajeriya ce.

Ta miƙa masa bakin sandar ta ce, "Kama, ɗana."

Ya kama da hannu biyu, ya rufe ido gam, ya zuro ƙafa. Haka ta jawo shi har gaɓa, tana gaba yana baya, ƙafa ɗaya takalmi ɗaya tsumma, a gaban mutanen gari da masunta da awaki. Kuma duk tsawon tafiyar bakinsa bai mutu ba, muna jin sa yana cewa, "A hankali Hajiya, kada ki ji tsoro, ina riƙe da ke."

Awa huɗu da rabi yawon awa ɗaya ya ci. Aka shimfiɗa wa baƙi tabarma a gindin kurna, aka kawo shinkafa da gasasshen kifi, famfuna na zuba a kowane gida. Talib ya ce rabon da ya ga 'ya'yansa sun yi dariya haka har ya manta. Shaihu ya yanke hukunci cewa Hamud zai kankare kowace kibiya da hannunsa, har da ta jikin kwalekwalen Kawu Mubarak, ya wanke daro, ya kuma yi wa Inna Muza shanyar kifi na wata guda. Hamud ya ce dama yana da niyyar sabunta alamomin.

Da la'asar baƙi suka shiga jirgi, ƙanena ya tafi kai su. Hamud ya tsaya a bakin ruwa yana ɗaga musu hannu, yana cewa su gaya wa 'yan'uwa da abokan arziki. Da jirgin ya yi nisa sai ya juyo gare mu, ya gyara zaman usur a ƙirji.

"To kun gani," in ji shi. "Na kai su na dawo da su, ko mutum ɗaya bai ɓata ba."

Shaihu ya kurɓi gahawarsa ya ce, "Mutum ɗaya ya ɓata. Baƙin ne suka tsinto mana shi."

Hamud ya ɗaure fuska, sannan ya miƙa yatsa ya fara ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya, yana neman sakaren da ya jawo wa garin wannan abin kunya.